Ƙura a Riga, Babu Gumi

Daga unguwar Nima, zuwa ga autata Memuna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta uwa da 'yarta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ke da kayanki da 'yar mutanen da kuka shiga mota tare. Allah Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya sa direban ya ƙoshi da barci kafin ya kama sitiyari, don hanyar arewa doguwa ce. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki, Ya rufe idon mugu daga kanki.

Na tura takardar ƙarƙashin abin sallarki a ƙasan jaka, don na san ba za ki gan ta ba sai kin isa. Kin ce in daina wahalar da kaina da biro, in riƙa tura miki saƙon murya a waya. To ai na ga yadda kike sauraron saƙona. Sai ki danna wani abu, muryata ta koma kamar ta ɗan tsako, ki gama da ni kafin shayinki ya huce. Takarda ba ta da wannan madannin. Sai ki nemi wuri ki zauna, ki karanta da Hausar da kakanki ya koya min da tsumagiya.

Kin san abin da ya sa na ɗauki biro. Kwalejin horar da malamai ta ɗauke ki babbar koci ta ƙungiyar ƙwallon mata. Daga yanzu ke ce mai cewa wance ta shiga fili, wance ta zauna a benci. Allah cikin ikonSa kuma Ya sa Sadiya, 'yar Adiza maƙwabciyarmu, ta sami gurbin karatu a wannan kwalejin, ga shi gola ce tun tana ƙarama. Tun ranar da labari ya shigo gidan nan na san akwai magana a gaba, ina dai jiran ranar da za ta iso ƙofata.

Ta iso ranar Talata bayan la'asar, a cikin kula. Adiza ta shigo da sallama, ta ajiye ta a gabana, ta buɗe da kanta. Tuwon zafi ne da miyar ayoyo, ga naman akuya ya yi luguf.

"Ramatu, ci tukuna," in ji ta.

Na ci kuwa. Wa zai ga tuwon Adiza ya kau da kai? Sai da na siɗe hannu ta gyara zama, ta fara da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji.

"Sadiya ɗin nan ɗiyanki ne o. Tun yana ƙarami ƙwallo, ƙwallo, makaranta ma koraa sai da bulala. Yanzu Allah ya sa namu a gaba. Ki faɗa ma Memuna shi sa shi a raga. Benci dai ba na so."

Baki ya ci, ido ya ji kunya. Na ce mata, "Yoo, na ji. Zan yi mata magana."

Ba sai na gaya miki wace ce Adiza a wurinmu ba, amma zan rubuta don ki san nauyin da ke kaina. Ita ta dafa min ruwan wankan jego da na haife ki. A bayanta kika yi rabin barcin ƙuruciyarki, ina bakin titi ina zuba wa mutane waakye, shinkafa da waken sana'ata. Da babanki ya rasu, ita ta riƙe min tukunya har na fita takaba, ba ta bar ko mutum ɗaya daga masu saye ya koma wurin wata ba. Famfo ɗaya muke tara ruwa, igiya ɗaya muke shanya, tun ba a haifi yayyenki ba. A duk wannan zama ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar Talatar nan.

Da na same ki da maganar, kina tsakar gida kina yi wa ƙwallaye iska. Ba ki ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan, don na saba da ihunki. Kika ce, "Mma, akwai gola biyu a can, ban ga wasan ko ɗaya ba tukuna. Idan kika ce in sa Sadiya, zan sa ta, ban taɓa tsallake maganarki ba. Amma yaran za su gane. Ranar da suka gane, ko na busa usur ba mai juyowa. Gara in dawo gida in taya ki yanka kabeji." Tun daga nan gaisuwarki ta koma guntuwa, "Ina kwana, Mma", ki wuce. Kina jira ki ji abin da zan yanke, Adiza ma tana jira. Na yi wa Adiza alkawarin zan yi miki magana, to ga ta nan, amma sai kin yi haƙuri na biyo ta doguwar hanya.

Ki tuna koriyar rigarki ta farko, lokacin da kika shiga ƙungiyar 'yan mata ta Kotobabi wurin Koci Baraima. Ba ki fi shekara goma sha uku ba, ƙafafu kamar sillen kara. Ni kuwa bakina ya riga ya yi gaba. Duk wanda ya tsaya sayen waakye sai na ƙara masa da labari: autata 'yar ƙwallo ce, nan gaba kaɗan sai dai ku gan ta a talabijin. Ranar Asabar in kin dawo daga fili, tun kina ƙofar gida nake ɗaga murya daga bakin famfo, a gaban kowa: "Kin buga? Kin ci nawa?" Ke kuma ba ki buga ba. A benci kike wuni, ki dawo da riga fes kamar yadda na goge ta. Sai ki sunkuyar da kai ki shige ɗaki, matan gida suna kallon juna.

Ba a daɗe ba riga ta fara dawowa da jar ƙasa. In na tambaya sai ki ce, "Na buga kaɗan." Memuna, na wanke kayan babanki da na yayyenki maza shekara da shekaru, na san rigar da aka yi gudu a cikinta. Gumi yana barin farin layi a baya da wuya, yana da warinsa. Taki a bushe take, ƙasar kuma a gaba kawai, wani lokaci har da shatin yatsu. Tun wankin farko na gane shafawa kike yi a hanya. Abin da ya kamata in yi shi ne in kira ki ɗaki in ce, bar wahalar da kanki, zaman benci ba sata ba ne. Maimakon haka sai in ɗaga rigar a tsakar gida in kaɗa ta, ina cewa, "Ku dubi yadda yarinyar nan take ƙarar min da sabulu!" Ƙaryarki ta yi min daɗi, na taya ki riƙe ta, don ta fi rufa wa bakina asiri fiye da naki. Mun daɗe da yin dariyar wannan labari ni da ke, amma duk lokacin da na tuna sai na ji kunya.

Don haka ga abin da nake so. In an tashi wasa, kowa zai ruga wurin wadda ta ci ƙwallo, ba ta buƙatar ki a wannan lokacin. Ke ki juya ki dubi masu busasshiyar riga. Kowacce a cikinsu akwai wani baki irin nawa da yake jiran ta a gida ko a waya. Kada ki bari yarinya ta ji labarin zamanta a benci daga bakin ƙawaye. Ki kira ta tun kafin ranar wasa, ki dubi idonta ki faɗa mata dalili, ki faɗa mata abin da za ta gyara. Ki ba ta wani aiki na gaske, ko da lura da 'yan bayan abokan hamayya ne ta zo ta gaya miki a hutun rabin lokaci. Ta samu abin faɗa a gida wanda ba ƙarya ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, kuma shi ne ya fi kama da abin da ke gabanmu yau. Da na ga zaman benci ya ƙi ƙarewa, sai na yi abin da muka taso muka ga ana yi a zango idan ana neman alfarma wurin babba. Na cika kula da waakye, na jera ƙwai da kifi da ganda, na zuba taliya da garin rogo, na lafta yajin shito, na sa mayafina na fita unguwa, na hau motar haya ta trotro zuwa gidan Koci Baraima a Alajo. Na ce gaisuwa na kawo. Ban ambaci sunanki ba ko sau ɗaya, shi ma bai tambaya ba. Ya ci, ya yi santi, ya ce, "Mma, wannan waakye ɗin ya yi paa." Muka rabu kowa ya fahimci kowa.

Asabar ta zagayo, na rufe tukunya da wuri, na kwaso Adiza da rabin matan gidan nan muka tafi kallo. Ana dab da tashi, kuna gaba da ci ɗaya, sai ya cire Hawa, yarinyar da ta tsare muku baya tun farkon wasa ba wadda ta wuce ta, ya tura ki wurinta. Ke ba 'yar baya ba ce, ba ki taɓa tsayawa a wurin ba. Ina tsaye ina rangaɗa guɗa wata doguwar yarinya ta zo ta wuce ki kamar kina jiran mota, ta zura ƙwallo a raga. Guɗar ta maƙale min a wuya. Aka tashi kunnen doki a wasan da kuka riga kuka ci.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Matar koci, baiwar Allah, sai ta wanke kular ta ba wata 'yar ƙungiyarku ta kawo min. Kafin Litinin kowa ya sani. Sunan da suka laƙaba miki ke nan, Memuna Waakye, ya bi ki har sakandare. Kika yi watanni ba ki sa abincina a baki ba, a ɗakin Adiza kike shan koko ki tafi makaranta. Ni a lokacin haushinki nake ji, ina cewa na yi miki gata kin raina. Sai daga baya na tuna da Hawa, yadda ta fito daga fili tana share ido da gefen riga. Uwarta ɗaukar kaya take yi a kasuwa, ba ta da kular da za ta kai wa kowa. Har yau in na hango Hawa a layin asibiti da 'ya'yanta, ni nake fara gaishe ta.

Za a kawo miki, kada ki yi shakka. A can arewa ba waakye za ki gani ba, zabi za ki gani a ɗaure, da doya, da man kaɗe a ƙwarya, kowa ya ce gaisuwa ce. Kada ki wulaƙanta mai kawowa, don yawancinsu irina ne, so ne ya rufe musu ido. Kuma mayar wa mutum abinci a hannu zagi ne, a nan da can duka. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, sannan ki ce a gabansa, "Madalla, yau yarana za su ci daɗi." Ki sa a dafa, a juye a babban faranti, 'yan ƙungiya duka su zauna su ci, har da wadda ba ta taɓa shiga fili ba. Ke ki ɗauki loma ɗaya a gaban kowa ki tashi. Abin da mutum ashirin suka ci ba wanda zai zo ya bi ki bashinsa ranar wasa.

Kuskurena na uku gajere ne. Kin zauna a bencin nan shekaru, ashe ido kike buɗewa. Ni ina ganin kin ɓata lokaci, ke kuwa kina tsugune da tsinke kina zane a ƙasa, kina nuna wa na kusa da ke ta inda za a ci ku. Koci Baraima, in ba shi haƙƙinsa, shi ya fara lura, ya riƙa tambayarki. Daga nan kika tara ƙananan yara a filin makarantar Maamobi, kika je kwas kika dawo da takarda, kika yi shekaru kina mataimakiyar koci a kwalejin cikin gari, kina jan ragar ƙwallaye a trotro, yaron mota yana cajinki kuɗin kujera biyu kuna faɗa. Duk ina gani. Amma ranar sunan jikan wata Hajiya a Adabraka, da manyan mata suka tambaye ni aikin me autata take yi, kina zaune kusa da ni cikin abayarki, sai na ce, "Malama ce, tana koyarwa." A hanyar dawowa kika ce, "Mma, koci ce ni. Ki faɗa, ba zagi ba ne." Ni da na cika titi da labarin 'yar ƙwallon da ba ta buga ba, na kasa faɗin sunan aikin da kika iya da gaske.

Yanzu kam ina faɗa, har masu saye sun gaji. Ke ma ki faɗa a ko'ina, da bakinki, ba tare da sunkuyar da kai ba. Amma in kin haɗu da uwar da take jin nauyin cewa 'yarta tana ƙwallo, kada ki yi mata kallon jahila. Ki je gidanta, ki bar usur a jaka, ki cire hular nan taki, ki yafa mayafi, ki tsuguna ki gaishe ta kamar yadda na koya miki. Ki zauna a tabarma ki sha ruwan da aka ba ki. In ta ga mai riƙe mata 'ya ta san gaisuwa, rabin tsoronta ya tafi.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su, amma uwa ba ta gajiya da maimaici. Muryar babanki kika ɗauko, in kina ihu a filin Maamobi ana jin ki a gadar kwata. Ki rage. Faɗan da za ki yi wa yarinya a gaban jama'a, ki riƙe shi har ku keɓe, za ki ga rabinsa ya zube a hanya. In kin ga mai gudu ta yi sanyi, kafin ki ce lalaci ne ki tambaye ta ko ta karya kumallo, ko kuma kwanakinta ne suka zo. Kada atisaye ya cinye muku la'asar. Ki riƙa shafa mai a ƙafa, kin san yadda take tsagewa. Kuma 'ya'yan mutane amana ne, kowace mota za ku shiga zuwa wasa ki ƙirga su da idonki kafin ta tashi da bayan ta tsaya.

To, mu dawo kan kular Adiza. Ba a mayar da kula wayam, don haka shekaranjiya na cika ta da waakye na nufi ɗakinta. Na same ta tana tsinke ayoyo a tire. Na ajiye, na zauna a bakin gado. Na ce, "Adiza, tuwonki na ci, Allah Ya saka. Amma ba zan ce wa Memuna ta sa Sadiya ba. In ta cancanta za ta shiga, in ba ta kai ba za ta jira."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinke ganye har na zaci ba ta ji ni ba. Can ta ce:

"Ramatu, kin san lungun bayan masallaci, kusa da gada?"

Na ce na sani.

"Ran Asabar in na taso kasuwa, nan nake bi. Na ga Memuna ya tsuguna, yana shafa ma riga ƙasa, yana kuka. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In ya gama shi share ido da hijabi, shi gyara fuska, shi shigo gida yana dariya. Ban faɗa miki ba koraa, don na ga kina murna. Shi ne ba na so ma Sadiya. Ba suna nake nema ba, wallahi."

Memuna, labarin ƙasa na san shi tun tuni, amma ban taɓa sanin akwai kuka a ciki ba. Duk dariyar da muka yi a kan rigar nan, ba ki taɓa faɗa min wannan ba. Ina zaune a bakin gadon Adiza, hawaye suna zuba a kan zanena. Ina tsammanin matar nan alfarma ta zo nema, ashe abin da ta gani a lungu ne yake bin ta shekaru duka. Ta fi ni ganin ki a lokacin, kuma ta rufa mana asiri mu biyu.

Na share ido na ce, "Adiza, benci bai kai ta lungun nan ba. Bakina ne ya kai ta. Da ta san za ta shigo gida da riga mai tsabta ba mai tsare ta da tambaya, da ba ta tsuguna ba. In Sadiya ta kira ki ranar wasa, kada ki tambaye ta ko ta buga. Ki tambaye ta ko ta ci abinci."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kin iya magana paa. Naki ai ya riga ya zama koci."

Ba ta buɗe kular ba har na fito. Jiya da safe muka haɗu a famfo, na gaishe ta, ta amsa da ka, ta ɗauki bokitinta ta wuce. Tun da muke, ko ranar da yayyenki suka fasa mata gilashin taga ba ta taɓa yi min haka ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, har gishiri na manta a shinkafa, masu saye suna tambaya ko lafiya. Amma wannan nawa ne, ni zan ɗauka. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ga maganar da na yi alkawari, ki ji ta da kyau. Ban ce ki sa Sadiya ba, kuma ba zan taɓa cewa ki sa 'yar kowa ba, ko da jikata ce. Na cire bakina daga filinki har abada. Duk wanda ya ce miki, "Mmanki ta ce," ƙarya yake yi. Albarkata tana tare da ke ko wa kika zaɓa. Sai dai ki yi hattara da ɗaya gefen, don na san halinki. Kada ki ajiye yarinyar a benci don kawai a ce Koci Memuna ba ta da son kai. Wannan ma zalunci ne, kuma a kanta za ki wanke sunanki. Ki dube ta da idon da za ki dubi sauran biyun. In ta fi su, ki sa ta, masu magana su yi ta yi. In ba ta kai ba, ki kira ta ki faɗa mata da bakinki, da Hausar gida, sannan ki tabbata ta ci abinci ranar.

Na kai nan a rubutu ɗazu da hantsi sai na ji an taɓa labule. Adiza ce, ko sallamar kirki babu. Ta dire kwalbar shito a bakin ƙofa, irin baƙin nan nata mai kifi da yawa da kike lashewa da yatsa tun kina rarrafe. Ta ce a sa miki a jaka. Na dubi kwalbar, na dube ta. Na ce, "Adiza, na koci ne ko na Memuna?"

Ta harare ni. "Na yaron da na goya ne. Kocin ni ban san shi ba."

Ta juya za ta tafi, har ta kai igiyar shanya, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Ki ce ma shi, in rigan Sadiya ya dawo fes, shi bar shi fes. Haka za mu wanke."

Kwalbar tana cikin baƙar leda a gefen takalmanki, na naɗe ta da tsohon zane don kada ta zube. Ki ci da zuciya ɗaya, babu komai a ƙarƙashinta. Ki ɗiba wa Sadiya, ki ɗiba wa sauran golan biyu.

Allah Ya yi miki albarka, autata. Ya ba ki idon gaskiya da harshe mai taushi, Ya tsare ƙafafun yaranki daga karaya da targaɗe, Ya tsare ku a kowace hanya da za ku hau, Ya ba ku nasara mai amfani, Ya ba ki haƙurin ranar da aka ci ku. Allah Ya jiƙan babanki, da yana nan da ya cika Nima da labarinki fiye da ni. Ki yafe min lungun bayan masallaci. Ɗakinki yana nan, ba zan zuba buhunan shinkafa a ciki ba sai in ya zama dole.

Ranar wasanku na farko, in an tashi, ki kira ni ko an ci ku ko kun ci. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma yanzu kin san ta.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki,
Ramatu mai waakye.